Ranar da Mario Ya Sauka a Kawo

Yara, ni aikina duba makarantu ne. Kullum da safe nakan rataya jakata in hau babur, yau ina Kawo, gobe Unguwar Dosa, jibi Badarawa ko Malali ko Unguwar Rimi, duk dai a nan Kaduna, arewa da kogi. In na shiga aji sai kowa ya nutsu, malami ya gyara tsayuwa, yara su gyara zama, don an san na zo ne in ga abin da aka koya. To, yau zan ba ku labarin ranar da na tafi duba wani aji, sai ga shi ni aka koya wa darasi, wanda ya koya mini kuwa bai wuce shekara goma sha ɗaya ba. Ba zan faɗi sunansa ko na makarantarsu ba, domin ban nemi izninsa ba.

Ran nan da damina ne, an kwana ana ruwa. Na shiga aji biyar na tarar ana insha'i. Malamin ya rubuta a allo, "Kasuwar Garinmu." Na bi layi layi ina duba littattafai. Kowa ya yi layi huɗu ko biyar, kuma duk kusan abu guda suka faɗa: kasuwarmu babba ce, ana sayar da shinkafa, ana sayar da atamfa. Da na kai kujerar baya, sai na ga wani yaro ya yi wuf ya tura wani littafi ƙarƙashin cinyarsa. Na dubi littafin insha'insa, ko baƙi ɗaya babu.

Malamin ya matso ya ce mini a hankali, "Ranka ya daɗe, wannan ya gagare mu. Ba ya rubutu, ba ya lissafi. Kuɗin tara da ake ba shi, gidan gem yake kai su. Har mahaifinsa ya ce in an yi hutun nan zai cire shi, ya zauna masa a shago."

Na miƙa hannu na ce, "Yaro, ba ni abin da ka ɓoye." Ya ba ni, hannunsa na rawa. Littafin lissafi ne, amma an juya shi an fara rubutu daga baya, har shafi bakwai cur. A saman shafin farko an rubuta, "Ranar da Mario Ya Sauka a Kawo." Raina ya ɓaci. Na ce, "Watau littafin da mahaifinka ya saya da guminsa, shi ka mayar wurin shirme?" Har na kama shafukan zan yage, sai aka kaɗa ƙararrawa. Na jefa littafin cikin jaka na fita. Yaron bai yi kuka ba, bai kuma ce uffan ba. Jakata kawai ya bi da ido har na ƙule.

Kafin in ci gaba, bari in gaya wa wanda bai sani ba ko wane ne Mario. Ba mutum ba ne mai rai. Jarumi ne na wasan bidiyo, irin wanda ake haɗa na'ura da talabijin, mutum ya riƙe madannai yana latsawa, jarumin yana gudu yana tsalle bisa ga umurninsa. Wani kamfani ne na ƙasar Japan mai suna Nintendo ya yi shi. An kafa kamfanin a birnin Kyoto tun 1889, kuma da fari karta yake bugawa. Wani ma'aikacinsa, Shigeru Miyamoto, shi ya zana wannan jarumi, ya fara fitowa a 1981 cikin wasan Donkey Kong. A lokacin kafinta ne. Daga baya aka mai da shi mai gyaran famfo, aka yi masa ɗan'uwa mai suna Luigi. A 1985 aka fito da wasan Super Mario Bros., wanda ya kai sunansa ko'ina a duniya.

Gajere ne, mai gashin baki da jar hula hana-salla. Kun san abin da ya sa aka yi shi haka? Na'urorin wancan zamani da 'yan ɗigo-ɗigo kaɗan suke zana hoto. Zana baki da gashin kai yana da wuya, saboda haka aka rufe kan da hula, aka rufe bakin da gashi. Dubi yadda rashi ya haifi dabara! A cikin wasan, Mario yakan shiga bututu ya ɓullo wata ƙasa. Yakan yi tsalle ya bugi tubali daga ƙasa, sulalla su fito. In ya ci naman kaza sai ya ƙara girma. Yana farawa da rai uku, in ya faɗa rami ya mutu sai ya tashi ya sake, in kuma ya tara sulalla 100 a ƙara masa rai guda. Duk wannan wahala yana yin ta ne don ya ceto Gimbiya Peach daga hannun wani dodo mai siffar kunkuru, wai shi Bowser.

To, da dare bayan sallar lisha, na zazzage jakata zan rubuta rahoto, sai littafin nan ya faɗo. Na ce bari in ga irin shirmen. Na fara karantawa ina tsaye. Ban san sa'ad da na zauna ba.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wai wata rana Mario ya shiga bututu kamar yadda ya saba, amma ya yi ɓatan kai, sai ya ɓullo ta cikin kwalbati kusa da tashar Kawo, duk jikinsa taɓo. 'Yan kamasho suka yi masa caa, wannan na cewa Zariya, wancan na cewa Kano. Mario ya laluba aljihu, ba ko sisi. Da ya waiga ya ga an jera bulo a bakin hanya, sai ya yi murna, ya ce ga banki. Ya ja da baya, ya daka tsalle, ya kai wa bulo karo. Ko kwabo bai fito ba, sai ƙulu a ka. Mai bulo kuwa ya cafke shi ya ce, "Malam, biya ni bulona!"

Da ƙyar wani mai Keke Napep ya ba da haƙuri, ya ɗauke shi kyauta, suka bi titin Ali Akilu, suka wuce Unguwar Sarki, har babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi. Nan Mario ya yi ta tambayar naman kaza don ya ƙara girma. Wata tsohuwa mai kayan miya ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, a garin nan ba a girma rana ɗaya. Tuwo ake ci shekara da shekaru."

Daga nan ya gangara bakin kogi wajen Gamji. Kogi ya cika ya batse. Mario ya ce tsallakewa zai yi, in ma ya faɗa ai yana da sauran rai biyu. Wani tsohon masunci ya riƙe masa riga ya ce, "Baƙo, ban san garinku ba, amma mu nan rai ɗaya Allah ya ba kowa. Ka kuwa san sunan garin nan daga kada aka samo shi." Jikin Mario ya yi sanyi, ya koma da baya.

Da la'asar ga yunwa, ga gajiya, bai sami gimbiya ba, bai sami dodo ba. Yana tafe cikin wata unguwa sai ya tarar da 'yan mata sun yi cirko-cirko da bokitai a gindin famfon tuƙa-tuƙa, famfo ya lalace wata biyu ke nan. Wata yarinya tana kuka, don kullum sai ta yi tafiya mai nisa neman ruwa, kullum sai ta makara, kullum sai an hore ta a ƙofar makaranta. Sai Mario ya tuna ashe yana da sana'a. Ya zaro sifana, ya kwance famfo, ya canza robar da ta cinye, ya ɗaure. Ruwa ya zubo. Uwar yarinyar ta kawo masa tuwo da miyar kuka, ya ci ya yi hamdala. A ƙarshe yaron ya rubuta cewa Mario ya ce duk sulallan da ya tara a duniya ba su kai wannan tuwo daɗi ba.

Na ajiye littafin, kunya ta rufe ni. Ga yaron da aka ce ba ya rubutu, ya kawo tasha da kasuwa da kogi a kan takarda, har kana jin hayaniyarsu. An ce ya rubuta "Kasuwar Garinmu" ya kasa, amma da ya riƙo hannun baƙo ya shiga da shi kasuwar, sai ya ga abin da sauran 'yan ajin ba su gani ba. Dalili kuwa shi ne, abin da ido ya saba gani kullum ba ya lura da shi. Sai ka yi baƙo kake sanin garinku.

Wani abu kuma ya faɗo mini a rai wanda na daɗe da mantawa. Sa'ad da nake kamar ku, na karanta Ruwan Bagaja, na ƙaunaci Malam Zurƙe saboda rigimarsa. Da littafin ya ƙare ban ƙoshi ba, sai na ɗauki fensir na kawo Malam Zurƙe ƙauyenmu ranar kasuwa, na haɗa shi faɗa da sarkin pawa. Wani malami ya gani, ya yage a gaban aji, aka yi mini dariya. Tun daga ranar ban sake ƙaga labari ba, har na gama kwalejin horon malamai. Ga shi yau saura ƙiris in yi wa ɗan wani abin da aka yi mini.

Ku sani, yara, aron jarumi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wa ya ƙagi Gizo da Ƙoƙi? Ba wanda ya sani. Amma kowace kaka tana ɗaukar Gizo ta sa shi cikin tatsuniyarta, ta ƙara gishiri yadda ta ga dama. Manyan marubutanmu ma sun yi haka. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, shi ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da aka shirya a 1933. Littafinsa Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, yawancin labaransa daga wasu ƙasashe ya samo tushensu, wasu daga Dare Dubu da Ɗaya, wasu daga Indiya, wasu daga Jamus. Amma ya tuɓe musu kayan ƙasarsu ya sa musu riga da rawani, har mai karatu ya rantse a Katsina ko Zazzau aka yi su. Haka kuma Malam Ahmadu Ingawa, a littafinsa Iliya Ɗan Maiƙarfi na 1951, jarumin tatsuniyoyin ƙasar Rasha ya aro, ya koya masa Hausa.

A ƙasashen Turawa ma haka abin yake. A Ingila wani marubuci, Arthur Conan Doyle, ya ƙagi wani gwanin binciken masu laifi mai suna Sherlock Holmes a 1887. Da ya gaji da shi sai ya kashe shi cikin wani labari a 1893. Masu karatu suka ƙi yarda, suka yi ta ƙorafi, har ya dawo da shi da rai a 1903. Marubucin ya rasu a 1930, amma har yanzu mutane suna ƙaga sababbin labarai a kan wannan jarumi. A zamanin nan kuwa akwai yara da manya masu yawan gaske a duniya da suke rubuta labarai a kan jaruman wasannin bidiyo da na fina-finai, suna sa su a intanet don 'yan'uwansu su karanta.

Amma fa aro daban, sata daban. Wanda ya ari jakin maƙwabcinsa ya kai kayansa kasuwa, ya dawo da shi ya yi godiya, bai yi laifi ba. Wanda ya ce jakin nasa ne, ko ya sayar da shi, wannan ɓarawo ne. Saboda haka mai aron jarumi sai ya kiyaye abu huɗu. Na farko, ya faɗi mai jarumin, kada ya ce shi ya ƙage shi. Na biyu, kada ya kwafi maganar wani, jarumin ne na aro, labarin kuwa lalle ya zama nasa. Na uku, kada ya buga ya sayar, domin jarumi irin Mario mallakar kamfaninsa ne, doka kuma ta tsare musu haƙƙinsu. Na huɗu, ya bar jarumin da halinsa. In ka mai da Gizo sakarai marar wayo, ai ba Gizo ba ne kuma. Yaron nan ya kiyaye wannan, don Marionsa mai ƙarfin hali ne, mai son taimako, kamar yadda yake a wasan.

Kada ku zaci labarin ba shi da aibi. Na ɗauki jan biro na ƙirga kurakurai arba'in da ɗaya. Yawancinsu na rashin lanƙwasa ne. A wani wuri ya so ya ce Mario ya taka ƙasa, sai ya rubuta "ya taka kasa." Kun ga ya sa bawan Allah ya taka maciji! A wani wurin kuma ya ce sun haye gadar kogi kafin su kai kasuwa, alhali daga Kawo zuwa babbar kasuwa ba a ƙetare kogi, sai in Barnawa ko Kakuri za ka.

Bayan kwana biyu na koma makarantar. Na roƙi hedimasta ya aika a kira mahaifin yaron. Ya zo, dattijo ne mai sayar da kayan masarufi. Bayan mun gaisa ya ce, "Yallaɓai, ni na gaji. Ran nan na aike shi sayen sabulu, ya tsaya gidan gem da canjina har magariba." Na juya na tambayi yaron, ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne. Na ce masa, "Wannan laifi ne babba, ba kuwa wanda zai wanke ka. Wasa ɗan lokaci ne, kamar gishiri yake a miya, in ya yi yawa ya ɓata ta. Ba Baba haƙuri." Ya durƙusa ya ba da haƙuri.

Sa'an nan na fito da littafin na karanta wa dattijon labarin tun daga fari. Da aka zo wurin mai bulo ya yi dariya har da tafa hannu. Da aka zo wurin yarinyar da ke kuka a gindin famfo, sai ya yi shiru. Can ya nisa ya ce, "Ai wannan yayarsa ce. Famfon unguwarmu ne." Ya dubi ɗansa kamar yau ya fara ganinsa, ya ce, "Kai ka rubuta wannan da kanka?" Yaro ya ce, "I, Baba."

Nan muka ƙulla alkawari mu uku. Uban zai bar shi a makaranta. Yaron ba zai je gidan gem ba sai ranar Asabar, da iznin mahaifinsa, bayan ya gama aikin gida da na makaranta. Ni kuma na saya masa sabon littafi na labari kaɗai, don a bar na lissafi ya yi aikinsa. Na ce ya sake kwafe labarin, ya gyara kurakuran nan arba'in da ɗaya da hannunsa. Kafin mu rabu na ce masa, "Ɗana, ni ma na yi maka laifi. Na kira aikinka shirme tun ban karanta ba. Ka yafe mini." Ya rasa abin da zai ce, sai murmushi.

Ran Alhamis ya tsaya gaban aji ya karanta. Da fari muryarsa na rawa, amma da aka fashe da dariya a wurin mai bulo, sai ya sami ƙarfin gwiwa. Da ya gama, hannuwa suka tashi. Wani yaro ya ce shi zai kawo Sonic, shuɗiyar bushiyar nan mai gudun tsiya da kamfanin Sega ya fito da ita a 1991, ya ga yadda za ta yi da cunkoson motoci a titin Ahmadu Bello. Wata yarinya ta ce ita ba ta ga dalilin da Gimbiya Peach za ta zauna kullum tana jiran a cece ta ba, za ta kawo ta Tudun Wada ta koyi ɗinki. Wani kuma ya ce shi bai taɓa yin wasan bidiyo ba, ko zai iya kawo Gizo tashar jirgin ƙasa? Na ce, "Ƙwarai kuwa, Gizo ma ai ya fi su sanin hanya."

Ba zan ce muku yaron nan ya zama na ɗaya a aji ba. Har yanzu lissafi yana ba shi wuya, yana dai ƙoƙari. Amma yana nan a makaranta, kuma littafin da na saya masa ya cika, ya shiga na biyu. Labarinsa na baya-bayan nan ba Mario a ciki. Jarumar wata yarinya ce mai ɗiban ruwa, shi ya ƙage ta da kansa. Haka abin yake: da hannun wani yaro yake koyon tafiya, daga baya ya saki ya tafi da ƙafarsa. Ni kuwa tun daga ranar, in na karɓi littafi a hannun yaro, sai na karanta kafin in yi magana.

To, yara, saura ku. Kowa yana da jarumin da yake so, ko na wasa, ko na littafi, ko na tatsuniya. Ɗauki fensirinka, ka sauke shi a bakin ƙofar gidanku. Me zai fara gani? Wa zai fara gaishe shi? Me zai ba shi mamaki? Wane amfani zai yi wa mutanen unguwarku? Ka buɗe ido ka dubi unguwar sosai kafin ka rubuta, ka kuma kula da lanƙwasa, kada ka sa baƙonka ya taka maciji.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka yi wa Mario hula da gashin baki?
2. Wace magana masunci ya gaya wa Mario a bakin kogi?
3. Faɗi abu huɗu da mai aron jarumi zai kiyaye.
4. Wane laifi yaron ya yi, wane laifi kuma mai duba makarantu ya yi?
5. Rubuta labari mai layi ashirin a kan ranar da Gizo, ko wani jarumi da kake so, ya zo unguwarku.